Yadda Sabon Shiga Zai Koyi Walda da Waya Mai Hoda a Ciki

Mafi yawan masu walda da ke aiki a bakin titi a garuruwanmu da sandar walda suka koyi sana'ar, kuma da ita suke haɗa ƙofofi da tagogi da gadaje har yau. Sai dai a 'yan shekarun nan ƙananan injuna masu tura waya sun fara samuwa a kasuwa, waɗanda a jikin kwalinsu ake rubuta Flux Core ko Gasless, kuma masu sayarwa kan tallata su da cewa kowa zai iya aiki da su daga ranar farko, tunda danna kunamar da ke jikin abin riƙewa kawai ake yi. Akwai gaskiya a cikin wannan magana, domin kama wuta da wannan inji ya fi sauƙi nesa a kan kama ta da sanda. Amma wannan sauƙin shi ne tarkonsa, saboda injin yana iya shimfiɗa layi mai kyau a ido alhali bai narkar da ƙarfen da ke ƙasa ba. Don haka abin da mai koyo zai sa a gaba abu uku ne da ke tafiya tare, wato ya saita injinsa daidai, ya koya wa idonsa kallon narkakken ƙarfe maimakon tartsatsi, sannan ya riƙa karya abin da ya haɗa domin ya ga abin da ke ciki.

Wayar da ake amfani da ita ba tsurar ƙarfe ba ce. Siririn bututu ne na ƙarfe da aka cika cikinsa da hoda, aka naɗe shi a jikin kwarkwaro. Idan aka danna kunama, wasu ƙananan tayoyi a cikin injin sukan turo wayar ta cikin doguwar igiyar bindiga, wato abin da mai walda ke riƙewa a hannu, har ta fito ta wani ɗan bakin tagulla, wanda shi ke ba ta lantarki. Da ta taɓa ƙarfe sai wuta ta kama, wayar da ƙarfen su narke tare su zama ɗan kududdufi. Hodar da ke ciki kuwa tana ƙonewa ta fitar da iskar da ke kare kududdufin daga iskar sarari, wani ɓangarenta kuma ya narke ya taso sama ya daskare ya zama ɓawo a kan layin waldar. Wannan kariya wajibi ce, domin narkakken ƙarfe yana shan iskar oksijin da naitirojin, kuma idan ya sha su sai haɗin ya cika da ƙananan ramuka ya yi gautsi.

A Amurka aka ƙirƙiro wannan hanya cikin shekarun 1950. Wadda ta fara fitowa tana buƙatar tukunyar gas duk da hodar da ke cikin wayar, sannan a 1959 kamfanin Lincoln Electric ya fito da wayar da ke kare kanta ba tare da gas ba, ya sa mata suna Innershield. Har yanzu nau'o'in biyu suna nan, kuma mai gas ita ce ta manyan masana'antu da wuraren ƙera jiragen ruwa. Bayanin da ke tafe ya shafi marar gas ne kaɗai, domin ita ta dace da wanda ke aiki a fili ko a ƙarƙashin rumfa. Iskar hunturu da za ta kore gas daga bakin bindiga ta lalata waldar MIG, wato walda da tsurar waya wadda gas ke karewa, ba ta cika yi wa wannan waya illa ba, kuma babu ɗawainiyar neman inda za a cika tukunya.

Inji da waya

Kafin a sayi inji, a fara tabbatar da cewa ana samun wayarsa da bakin tagullarsa a kusa, domin su ne ke ƙarewa, kuma injin da babu waya ajiya ce kawai. Bayan haka a nemi inji mai fitar da wutar DC, wato wadda ke gudu ta fuska ɗaya. Akwai wasu masu arha ƙwarai da ke fitar da AC, wato wuta mai kai da komo, waɗanda tartsatsinsu ya yi yawa kuma wutarsu ba ta zama wuri ɗaya, har mai koyo ya ɗauka hannunsa ne ke da laifi. Ya fi kyau kuma injin ya kasance da maɓallai biyu na murɗawa, ɗaya na bolteji ɗaya na gudun waya, maimakon mai makunni biyu kawai na ƙarfi da rauni. Injin da ke kaiwa amfiya 120 zuwa 140 ya wadatar da mai koyo. A jikinsa za a ga an rubuta wani kaso cikin ɗari kusa da adadin amfiya, kuma ma'anarsa ita ce tsawon lokacin da zai iya aiki a cikin kowane minti 10. Idan an rubuta kashi 30 a amfiya 90, to minti 3 zai yi yana walda a wannan ƙarfin, ya huta minti 7.

Batun wuta yana da nauyi a wurinmu. An ƙera waɗannan injuna ne domin wuta mai bolt 220 zuwa 240, kuma idan wutar unguwa ta yi rauni, ko aka jona su da doguwar waya siririya, sai waldar ta yi sanyi komai ƙwarewar hannu. Wayar ƙari kada kaurinta ya gaza milimita murabba'i 2.5, kuma a warware ta duka kada a bar ta a naɗe. Mai amfani da janareta ya yi lissafi: amfiya 120 a kan bolt 18 ya haura wat 2,000 a bakin wuta kaɗai, ban da abin da injin kansa ke ɓatarwa, don haka ƙaramin janaretan gida ba zai ɗauka ba, kuma mai kVA 5 ko sama da haka ya fi zama lafiya.

A jikin kwarkwaron waya akwai lamba, kuma wadda nake ba mai koyo shawara ya nema ita ce E71T-11. Lamba 7 tana nufin ƙarfin ja na fam 70,000 a kowane inci murabba'i, lamba 1 da ke bin ta tana nufin ana iya walda da ita a kwance da tsaye da sama, harafin T kuma yana nuna cewa wayar bututu ce. Akwai wata mai lamba E71T-GS da ta fi yawa a kasuwa kuma ta fi arha, amma an yi ta ne domin layi ɗaya kawai, ba a ɗora wani layin a kan wani da ita. Wadda aka rubuta wa E71T-1 kuwa mai gas ce, kuma idan aka sa ta ba gas za a ga ramuka ko'ina. Game da kauri, waya mai milimita 0.8 ta dace da ƙarfe marar kauri da ƙaramin inji, mai 0.9 kuma ta fi dacewa daga milimita 3 zuwa sama. Ita wannan walda tana da iyaka ta ɓangarori biyu. Ƙarfen da bai kai milimita 1.2 ba, irin na jikin mota, yakan huje da ita cikin sauri, sannan ƙananan wayoyin nan ba a yi su domin manyan ƙarafa ba, har ma Lincoln ya ƙayyade wa wayarsa NR-211-MP mai wannan kauri iyakar kusan milimita 8.

Ido da huhu da fata

Ba na jin daɗin ganin yaro yana walda da baƙin tabarau na rana, ko yana rufe ido da tafin hannu duk lokacin da wuta ta kama, kuma da wannan inji abin ya fi muni domin wutar ba ta yankewa kamar ta sanda. Hasken yana ɗauke da nau'in da ido ba ya gani amma yana ƙona saman ƙwayar ido, kuma ciwon ba ya tashi nan take, sai bayan awanni, sau da yawa cikin dare, mutum ya ji idonsa ya cika da yashi yana ta zubar da hawaye. Abin da ake buƙata shi ne hular walda mai rufe fuska duka, da gilashi mai duhun lamba 10 zuwa 12. Wadda ke yin duhu da kanta idan wuta ta kama ta fi taimakon mai koyo, domin yana ganin inda ya ɗora wayarsa kafin ya danna kunama, kuma hannayensa biyu suna kan bindiga. A ƙarƙashin hular a sa farin tabarau na kariya, saboda ɓawon walda yana tsalle idan ana kankare shi, wani lokaci ma da kansa yake ɓallewa yayin da yake hucewa. Idan wurin aikin yana bakin hanya, a kafa fallen kwano ko wani shamaki domin masu wucewa da yaran da ke tsayawa kallo.

Hayaƙin wannan waya ya fi na yawancin hanyoyin walda yawa, kuma ba abin raini ba ne. A 2017 hukumar binciken cutar daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin walda cikin rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji ga ɗan Adam, sannan sinadarin manganis da ke cikinsa yana iya taɓa jijiyoyi idan an daɗe ana shaƙa. A yi aiki a fili ko inda iska ke ratsawa, a tsaya ta yadda iskar za ta ɗauke hayaƙin gefe, kada a sunkuyar da kai cikin tururinsa, kuma a sa takunkumi mai matatar P3 ko P100 a ƙarƙashin hula. Madarar da wasu ke sha bayan aiki abinci ce mai kyau, amma ciki take zuwa, ba ta wanke abin da ya shiga huhu. Ƙarfe mai rufin tutiya, wanda aka fi sani da galbanais, yana fitar da farin hayaƙi mai kawo zazzaɓi da ciwon jiki, don haka mai koyo ya guje shi, ko ya goge rufin da giranda kafin ya fara. Kada kuma a wanke ƙarfe da man wanke birki mai sinadarin kulorin, domin zafin walda yana juya shi zuwa iska mai guba da ke iya kisa.

Tufafi su kasance na auduga mai kauri masu dogon hannu, da safar hannu ta fata, da takalmi rufaffe. Yadin roba yana narkewa ya manne a fata, silifas kuma ba ya tare ɗigon narkakken ƙarfe. A nisantar da jarkar fetur da katifa da tsummokara aƙalla mita 10, a ajiye abin kashe gobara ko bokitin yashi kusa, kuma kada a rufe shago sai an yi kamar rabin awa da gama walda an duba babu abin da ke ci a ɓoye. Tanki ko duron da ya taɓa ɗaukar mai ba aikin mai koyo ba ne ko da an ce an wanke shi.

Saita inji

Kuskuren da ya fi ɓata wa sababbin shiga rai shi ne haɗa wayoyin wuta a juye. Wayar E71T-11 tana son bindiga ta kasance a gefe mai alamar ragi, maƙalar at kuma, wato wadda ake kamawa a jikin ƙarfen aiki domin wuta ta zagaya, a gefe mai alamar tarawa, abin da ake rubutawa DCEN a jikin kwali. Injunan da ke yin MIG da wannan walda duka biyu sukan zo a saite domin MIG, wato akasin haka, kuma wanda bai buɗe murfi ya juya su ba zai ga tartsatsi kamar ruwan sama da layi mai ramuka, ya yi ta murɗa maɓallai a banza. A duba wannan tun kafin a sa waya.

Tayar da ke tura wayar ta kasance mai ƙananan haƙora a cikin tsagarta, kuma lambar da ke jikinta ta yi daidai da kaurin wayar. Dalili shi ne wayar bututu ce mai laushi, idan aka matse ta da ƙarfi sai ta lotse hodar ta zube, don haka haƙoran ke riƙe ta ba tare da matsi mai yawa ba. Yayin ɗora kwarkwaro a riƙe bakin wayar da kyau kada a sake shi, domin idan ya kuɓuce sai duk naɗin ya warware ya harɗe. A yanke lanƙwasasshen bakin da filaya, a shigar da shi tsakanin tayoyin, a cire bakin tagulla daga bindiga, a miƙar da igiyar, a danna kunama har wayar ta fito, sannan a mayar da bakin, wanda shi ma dole girmansa ya dace da wayar. Kada a taɓa nuna bindigar ga fuska ko tafin hannu a wannan lokaci. Domin gwada matsin tayoyi, a tura wayar a kan katako daga nisan ɗan yatsa: idan ta lanƙwashe ta naɗe, matsin ya isa, idan kuma tayoyin suna santsi a kanta, a ƙara kaɗan har ta daina.

Maƙalar at a kama ta a kan ƙarfe mai tsabta, kusa da inda za a yi waldar, ba a kan fenti ko tsatsa ba. Al'adar jingina guntun rodi a jikin aiki a matsayin at ba ta yi wa wannan inji, domin ɗan raunin haɗi yana sa wutar ta riƙa tsinkewa.

Sai maɓallan biyu, kuma yana da kyau a fahimci aikin kowanne. Gudun waya shi ke ƙayyade amfiya, wato zurfin shigar wuta cikin ƙarfe da yawan abin da ake zubawa. Bolteji kuwa shi ke ƙayyade tsawon wutar da faɗin layin da kwanciyarsa. Yawancin injuna suna da jadawali a cikin murfinsu, kuma daga nan ake farawa. Idan babu, ana ƙiyasta amfiya kusan 40 ga kowace milimita ta kaurin ƙarfe, don haka ƙarfe mai milimita 3 yana son wajen amfiya 120 da bolt 16 zuwa 18. Wannan mafari ne kawai, kunne da ido ke ƙarasa sauran. Idan saitin ya yi daidai, ƙarar takan fito ɗaya ba yankewa, kamar ta ƙosai a cikin tafasasshen mai. Idan wayar tana dukan ƙarfe tana tura hannu baya, gudunta ya yi yawa ko bolteji ya yi ƙasa. Idan kuma tana narkewa tun kafin ta isa tana ɗiga manyan ɗigo, ko ta ƙone ta manne a bakin tagulla, to gudunta ya yi kaɗan ko bolteji ya yi yawa. A canza maɓalli ɗaya kawai a kowane gwaji, a rubuta lambar da alli a gefen layin da aka yi da ita, domin wanda ya murɗa biyu a tare ba zai san wanne ya gyara ko ya ɓata ba.

Layin farko

A samo guntayen baƙin ƙarfe masu kaurin milimita 3 zuwa 5, a goge su da giranda har su yi haske. Gaskiya ne wannan waya tana jure ɗan tsatsa fiye da MIG, amma mai koyo ba ya buƙatar ƙarin abin da zai rikita shi. A shimfiɗa ƙarfen a kan tebur, a ja layuka da alli, a riƙe bindiga da hannu biyu, a jingina gwiwar hannu ko gefen hannun hagu a kan tebur. Kafin a kunna wuta a bi layin da bindiga sau ɗaya ko biyu domin a tabbatar hannu zai kai ƙarshe ba tare da ya maƙale ba.

Tsawon wayar daga bakin tagulla zuwa ƙarfe ya kasance milimita 12 zuwa 16, wanda ya fi na MIG tsawo, domin wayar tana buƙatar ta ɗan yi zafi kafin ta isa wuta hodarta ta yi aiki sosai. Wannan tazara ita ce abin da hannu ya fi wahalar riƙewa, kuma tana canza zafin waldar kai tsaye: idan aka ɗaga bindiga amfiya ta ragu, idan aka matso da ita ta ƙaru. Ƙwararru sukan yi amfani da wannan da gangan su ɗan ja baya idan sun ga ƙarfe na shirin hujewa, amma mai koyo ya fara da riƙe ta wuri ɗaya. Tunda babu gas, ana iya cire ƙaton murfin bakin bindiga a sa siriri da aka yi domin wannan waya, wanda ke buɗe wa ido hanya.

Ana jan bindigar ne, ba a tura ta. A karkata ta da digiri 10 zuwa 15 zuwa ɓangaren da ake tafiya, ta yadda bakin wayar yana kallon layin da aka riga aka yi. Hikimar ita ce ƙarfin wutar ya riƙa kora narkakken ɓawo baya, domin idan aka tura, ɓawon yakan shiga gaba ƙarfe ya binne shi a cikin haɗin. Kafin kowane farawa a yanke bakin wayar, saboda ɗan dunƙulen ɓawo da ke daskarewa a kansa yana hana wuta kamawa da kyau.

A nan ne ainihin koyon yake. Da wuta ta kama, idon sabon shiga yakan tafi ga haske da tartsatsi, kuma sai ya tilasta masa komawa bayan wayar kaɗan, inda kududdufin yake. A cikin gilashi za a ga abu biyu masu kama da juna amma ba ɗaya ba: narkakken ƙarfe yana da haske da sheƙi kuma gefensa a fayyace yake, ɓawo kuwa ya fi duhu yana yawo a bayansa yana rufe shi. A dakata kamar daƙiƙa ɗaya a farkon layi har kududdufin ya buɗe, sannan a fara tafiya, a riƙe wayar a gefensa na gaba. Faɗin kududdufin shi ke faɗa wa hannu saurin da zai yi. Idan ya fara ƙanƙancewa an yi sauri, idan ya fara faɗaɗa ɓawo yana neman cim ma wayar an yi jinkiri. A kan ƙarfe mai milimita 3, layi mai faɗin milimita 6 zuwa 8 ya yi daidai. Ba a buƙatar zagaye ko kaɗa hannu a wannan mataki, miƙaƙƙen ja ya isa. A ƙarshen layi a ɗan tsaya a cike ramin da ke wurin kafin a saki kunama, domin daga wannan rami tsagewa ke farawa. Idan ba a ganin kududdufin sosai, a goge gilashin waje na hula, wanda hayaƙin wannan waya ke dusashewa da wuri, ko a kawar da kai gefe kaɗan.

Bayan kowane layi a kankare ɓawon da guduma mai tsini, a goge da burushin ƙarfe, a duba. Layin da ya yi tudu siriri bai kwanta a gefensa ba yana nuna sanyi, wato bolteji ya yi ƙasa ko tafiya ta yi sauri. Ƙananan ramuka sukan fito ne daga datti, ko waya mai laima, ko bolteji mai yawa, ko juyayyun wayoyin wuta. Wasu dogayen tsagogi masu lanƙwasa a saman layi alama ce ta bolteji ya yi yawa ko tazarar waya ta yi gajarta. Kwari a gefen layi, inda wuta ta ci ƙarfe ba ta cike ba, yana zuwa ne daga sauri ko zafi mai yawa. A ci gaba da jera layuka, kowanne yana hawa rabin na baya, har a rufe fuskar ƙarfen duka. Aiki ne mai gundura, amma ban san wata hanya da ta fi shi saita hannu ba. Ƙarfen gwaji yakan tara zafi ya sa layukan baya su bambanta da na farko, don haka a riƙa musanya guntaye biyu ko uku.

Haɗawa da karyawa

Idan layuka sun fara fitowa iri ɗaya, sai a koma haɗa ƙarfe biyu. A fara da ɗora ɗaya a kan ɗaya a yi walda a bakin na sama, sannan a tsayar da ɗaya a kan ɗaya kamar harafin T, sannan a haɗa baki da baki. A haɗin T bindiga tana raba kusurwar biyu, wato digiri 45, wayar tana nufar can cikin lungu, kuma idan ɗaya ya fi kauri a ɗan karkata wutar gare shi. Kafin a ja layi a ɗiga walda a ƙarshen biyu domin riƙo, saboda walda tana jan ƙarfe zuwa gefenta yayin da take hucewa. A haɗin baki da baki na ƙarfen da ya kai milimita 5 ko 6, a fere bakunan da giranda kusan digiri 30 kowanne, a bar 'yar tazara ta milimita 2, a cike da layi fiye da ɗaya, ana kankare ɓawo tas tsakanin kowane layi.

Yanzu sai gwaji, kuma ina roƙon mai koyo kada ya tsallake shi. A yi haɗin T da walda a gefe ɗaya kawai, a bar shi ya huce da kansa ba tare da an tsoma shi a ruwa ba, a matse shi da kyau, a doki tsayayyen ƙarfen da babbar guduma daga bayansa ta yadda zai kwanto kan waldar. Idan ya lanƙwashe bai rabu ba, ko ya karye ta tsakiyar waldar aka ga cikinta fari tas kuma gefen ƙarfen ya narke har cikin lungu, an yi aiki. Idan kuwa layin ya ɓalle daga jikin ƙarfen ya bar shi sumul, ko aka ga bakin ƙarfen yana nan da kaifinsa kamar yadda aka yanke shi, to waldar ta zauna ne kawai a sama, kuma sai a ƙara zafi ko a gyara inda wayar ke nufa. Baƙaƙen ɗigo a cikin karayar ɓawo ne da aka binne. Yana da amfani kuma a yanka wani haɗin a tsakiya da giranda a goge fuskar yankan a duba ko akwai rami a gindin lungun. Mai koyo ya ajiye waɗannan guntaye ya kai wa ƙwararren mai walda ya duba masa, ko da da sanda yake aiki, domin karatun kududdufi da ɓawo ɗaya ne a hanyoyin biyu.

Walda a tsaye tana zuwa bayan wannan. A kan ƙarfe marar kauri ana saukowa daga sama da sauri domin kada ya huje, a kan mai kauri daga milimita 5 kuma ana hawa daga ƙasa, a rage saiti kaɗan, ana ɗan tsayawa a kowane gefe domin kududdufin ya sami abin takawa. Walda ta sama da kai ita ce ta ƙarshe, kuma tana buƙatar rigar fata da hular da ke rufe kunne.

Waya tana shan laima, musamman da damina, kuma wadda ta yi tsatsa tana toshe bututun cikin igiya ta cika walda da ramuka. Idan za a kwana biyu ba a yi aiki ba, a cire kwarkwaron a sa shi cikin leda a ɗaure a ajiye a busasshen wuri. Da hunturu kuma a rufe injin saboda ƙura, a riƙa hure cikinsa. Bakin tagulla idan raminsa ya faɗaɗa wayar ta fara rawa, a canza shi.

Aikin farko na gaske ya kasance wanda idan ya karye ba zai raunata kowa ba, kamar teburin walda, ko abin ajiye tukunya, ko kantar kaya, ko gyaran ƙafar kujera. Ƙugiyar jan tirela, da ƙarfen ƙarƙashin mota, da firam ɗin babur ko Keke Napep, da hasumiyar tankin ruwa, da matakalar bene, duk a bar wa wanda ya ƙware har sai haɗin mai koyo ya daina ɓallewa a ƙarƙashin guduma a kwance da tsaye, kuma wani gwani ya duba ya amince. Idan kuma za a taɓa wani abu a jikin mota, ko da ƙaramin maƙali ne, a cire wayar batir tukuna, a kama at kusa da wurin waldar, a kuma duba inda bututun mai da wayoyin lantarki suka bi a bayan ƙarfen.